Wata Biyu da Rabi da Fara Aiki Tare Sai Rigima: Shin Tawagata Rushewa Take Yi?

Tambaya: An naɗa ni shugaban tawaga ta mutum tara a wurin aikinmu, aka ba mu wata shida mu mayar da bayanan ma'aikata daga fayil-fayil na takarda zuwa kwamfuta. A makonnin farko kowa yana fara'a, duk abin da na kawo sai a ce ya yi. Yanzu muna wata biyu da rabi, kuma wani dattijo da ya girme ni a aiki yana sukar kowace shawara da na kawo, wasu mutum biyu ba sa ga maciji da juna, wasu kuma sun daina magana a taro. Na ji an ce akwai matakan da kowace tawaga ke bi kafin ta daidaita. Gaskiya ne? A wane mataki muke, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, abin da ka ji yana da tushe, kuma alamomin da ka zayyana sanannu ne ga duk wanda ya daɗe yana aiki da tawagogi. Kuna cikin matakin taƙaddama, wanda shi ne na biyu a jerin matakan, kuma shigarsa ba ya nufin ka gaza. Sai dai ba zan ce ka naɗe hannu ka jira ya wuce ba, domin ba ya wucewa da kansa, kuma na ga tawagogin da suka shige shi suka zauna a ciki har wa'adinsu ya ƙare. Daga cikin abubuwa ukun da ka ambata, shirun waɗanda suka daina magana ne ya fi damuna, fiye da sukar dattijon da gabar mutum biyun, kuma zan bayyana dalili.

Bayanin matakan ya samo asali ne daga wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka, Bruce Tuckman, wanda ya wallafa shi a shekarar 1965 lokacin da yake aikin bincike a wata cibiya ta rundunar sojojin ruwan Amurka. Bai kafa tawagogi ya zuba musu ido da kansa ba. Rahotanni 50 na binciken da wasu suka riga suka gudanar ya tattara ya nazarta, sai ya lura da wani jeri da ke ta maimaituwa a cikinsu: haɗuwa, sannan taƙaddama, sannan daidaituwa, sannan aiki gadan-gadan. A shekarar 1977 shi da Mary Ann Jensen suka ƙara mataki na biyar, wato rabuwa. Yana da kyau ka sani cewa mafi yawan waɗancan rahotanni sun shafi rukunin masu jinyar damuwa da ke zama tare da likita, da kuma rukunin mutanen da aka tara don horaswa, ba ma'aikatan ofis masu wa'adi da kasafin kuɗi irinku ba, kuma shi kansa Tuckman ya yi nuni da wannan giɓi. Saboda haka bayanin yana da amfani wajen gane abin da ke faruwa, amma ba tsani ba ne da dole kowace tawaga ta taka shi hawa-hawa.

Akwai wani abu a aikin Tuckman da masu horaswa kan tsallake, alhali shi ne ya fi amfani ga shugaba. Ya ce a kowane mataki abu biyu ne ke tafiya tare: yadda mutanen ke mu'amala da junansu, da yadda suke tunkarar aikin da ke gabansu. A matakin haɗuwa, ta fuskar mu'amala kowa yana gwada ruwa ne, yana auna abin da za a lamunta da wanda ba za a lamunta ba, yana kuma jingina da shugaba. Ta fuskar aiki kuwa ana ƙoƙarin gane mene ne ma aka ce a yi. Fara'ar da ka gani a makonnin farko ladabin baƙunta ce. Wanda bai san ka ba, bai san wa ke da faɗa a ji a cikin tawagar ba, bai kuma san abin da zai same shi idan ya faɗi abin da ba daidai ba, zai ce maka "ya yi" ko da a ransa yana da ja. Ba a kai ga yarda ba a lokacin, domin ba a riga an sami abin da za a saɓa a kansa ba.

Wannan mataki yana da daɗin zama, amma yana da rauni wajen aiki, kuma harkar jiragen sama ta nuna haka ƙarara. A shekarar 1994 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta nazarci manyan haɗurra 37 na jiragen kamfanonin ƙasar tsakanin 1978 da 1990, waɗanda kuskuren matuƙa ya taka rawa a cikinsu. Daga cikin waɗanda aka sami bayanin tarihin matuƙan, kashi 73 cikin ɗari sun faru ne a ranar farko da kyaftin da mataimakinsa suka fara tuƙi tare. Dukkansu ƙwararru ne masu lasisi, abin da suka rasa shi ne sabo da juna.

Taƙaddama tana farawa ne lokacin da aikin ya fara neman wani abu daga wurin kowa: lokacinsa, ko sauya yadda ya saba yin abu, ko karɓar umarni daga wanda bai ɗauka ya fi shi ba. Ka kuma lura da yawanku. Tsakanin mutum tara akwai alaƙa 36 ta mutum da mutum, alhali tsakanin mutum shida 15 ce kawai, kuma kowace ɗaya wuri ne da saɓani zai iya ɓullowa. Shi ya sa Richard Hackman na jami'ar Harvard, wanda ya shafe shekaru yana nazarin tawagogi, ya riƙa ba da shawarar kada tawagar aiki ta kai mutum goma. Hausawa sun riga sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Abin da binciken ya ƙara shi ne rarrabe nau'o'in saɓanin. Akwai saɓani kan abin da ake son cimmawa, akwai saɓani kan hanyar da za a bi da wanda zai yi me, akwai kuma saɓanin da ya shafi mutum da mutum, wato raini da ƙiyayya da jin an ci zarafi. Karen Jehn, wadda ta yi fice a binciken wannan fanni tun tsakiyar shekarun 1990, ta nuna cewa na ƙarshen nan kusan kullum illa yake yi, alhali saɓani kan aiki yana iya amfani idan aikin mai buƙatar tunani ne. Matsalar ita ce na farko yana saurin rikiɗewa ya koma na ƙarshe. Mutum zai ce tsarin da ka kawo ba zai yi aiki ba, kai kuma ka ji kamar cewa ya yi ba ka san aikinka ba. Babban aikin shugaba a wannan mataki shi ne tsare wannan iyaka, ya bar gardamar aiki ta fito fili, ya kuma hana ta komawa gaba.

Dubi dattijon nan da wannan ido. Aikin da aka ba ku shi ne mayar da fayil-fayil zuwa kwamfuta, kuma a kusan kowace ma'aikata akwai wanda darajarsa ta ginu a kan cewa shi ya san inda kowace takarda take, shi ya san wanda aka yi wa ƙarin girma a wace shekara, shi ake nema idan fayil ya ɓata. Idan dattijonka irin wannan mutumin ne, to aikin da kake jagoranta yana barazana ga abin da ya sa ake girmama shi, kuma an ɗora yaro a kansa ya jagoranci aikin. Ba zai faɗi haka a taro ba, watakila ma bai faɗa wa kansa ba. Abin da zai fito daga bakinsa shi ne cewa wutar lantarki ba ta tsayawa, ko manhajar ba ta da tabbas, ko an taɓa gwadawa ba a yi nasara ba. Wasu daga cikin waɗannan maganganu gaskiya ne, kuma za ka yi asara idan ka yi watsi da su saboda bakin da suka fito. Shawarata ita ce ka same shi a ofishinsa, kada ka kira shi naka, ka gaishe shi yadda ya dace da shekarunsa, ka ce masa kana so ya zayyana maka duk inda yake ganin aikin zai iya tuntuɓe. Bayan haka ka ba shi wani ɓangare na gaske ya riƙe, misali tantance cewa abin da aka shigar a kwamfuta ya yi daidai da abin da ke cikin takarda, domin babu wanda ya kai shi iya wannan. Amma ka bayyana masa cikin ladabi cewa idan an gama jin ra'ayin kowa, yanke hukunci yana wuyanka, tunda kai za a tambaya.

Mutum biyun da ba sa jituwa kuwa, ka fara binciken ko aikinsu ya yi karo da juna. Sau da yawa abin da ake ɗauka rashin haɗuwar jini ne, asalinsa mutum biyu ne kowannensu yake ganin shi aka ba wani aiki, ko ɗaya ba ya iya fara nasa sai ɗayan ya gama, kuma ba a tsayar da ranar gamawa ba. Idan ka rubuta wa ke da alhakin me, da ranar da zai miƙa, da wanda zai miƙa wa, rabin irin wannan rigima yakan mutu. Idan kuwa ka tarar gabar ta girmi tawagar, to ba dole ba ne su zama aminai, abin da za ka nema a wurinsu shi ne gaisuwa, da miƙa aiki a kan lokaci, da barin zancen juna a bayan ido.

Yanzu ga batun masu shiru. Waɗanda suka rubuta bayanin matakan nan sun yi nazari ne a cikin al'ummar da ƙaramin ma'aikaci zai iya cewa babba "ban yarda ba" a gaban jama'a. Mu an tarbiyyantar da mu da kunya da kara da girmama na gaba, kuma waɗannan kyawawan ɗabi'u ne, sai dai suna sa taƙaddama ta sauya kama. A wurinmu ba lallai ka ji hayaniya ba. Za ka ji "to" wadda ba ta nufin amincewa, za ka ga aikin da aka ce an karɓa bai motsa ba, za ka ga an fara makara ko aiko da uzuri, za ka kuma tarar ainihin taron ana yin sa ne bayan an tashi, a bakin masallaci ko a wani zauren WhatsApp da ba ka ciki. Matan da ke cikin tawagar da ƙananan ma'aikata su suka fi shiga wannan hali, kuma sau da yawa su ne ke zaune gaban kwamfutar suna shigar da bayanan, wato su suka fi kowa sanin inda matsala take. Shugaban da ya ga taro ya yi tsit ya ɗauka an daidaita, ya yi kuskuren ɗaukar mataki na biyu a matsayin na uku.

Hatsarin wannan shiru ba ƙarami ba ne. A ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin jirgi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya cikin hazo mai kauri, mutum 583 suka rasu. Kyaftin ɗin KLM babban mai horas da matuƙa ne a kamfaninsa. Lokacin da ya fara gudun tashi, injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗayan jirgin ya riga ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, daga nan ba wanda ya sake ja. Wannan haɗari na cikin abubuwan da suka sa kamfanonin jirage suka fara horas da matuƙa yadda na ƙasa zai faɗi abin da ya gani a fili, da yadda na sama zai saurara. A fannin lafiya ma, Amy Edmondson ta Harvard ta yi bincike a sassan jinya na wasu asibitoci a shekarun 1990 tana tsammanin tawagogin da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani, sai ta tarar su suka fi yawan kurakuran da aka rubuta. Da ta zurfafa sai ta gane cewa su ne ba sa tsoron bayar da rahoton kuskure, sauran kuwa ɓoyewa suke yi. Daga nan ta gina bayaninta kan amincin faɗin gaskiya a cikin tawaga, wato kowa ya tabbata cewa tambaya ko amsa kuskure ba za ta jawo masa wulaƙanci ba. Kamfanin Google ma, da ya nazarci tawagoginsa 180 a wani bincike da ya fara a 2012, wannan siffa ya samu a sahun gaba cikin abubuwan da ke bambanta tawaga mai nasara da sauran.

Ba a samar da wannan aminci da cewa "kowa ya saki jiki ya yi magana", domin kowa ya sha jin haka. Ana samar da shi ne da tsarin taro da kuma halin shugaba. Ka daina fara faɗin ra'ayinka, domin da zarar shugaba ya yi magana, sauran neman yadda za su goyi baya suke yi. Ka fara tambayar mafi ƙanƙanta a matsayi, ka bi da bi har zuwa babba, kai ka zo ƙarshe. Ka sauya tambayar daga "akwai mai magana?" zuwa "wane abu ɗaya ne ya fi ba ka wahala a aikinka na wannan mako?", domin ta farko ana amsa ta da shiru, ta biyu kuwa dole a ba ta amsa. Ka riƙa ganawa da kowa shi kaɗai na ɗan lokaci, musamman waɗanda kunya ke hana su magana a gaban manya. Fiye da duka, ranar da wani ya fara gaya maka cewa ka yi kuskure, yadda ka karɓi maganar shi zai yanke ko wani zai sake gwadawa. Idan ka yi godiya ka gyara a gaban kowa, ka koya musu a aikace cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Idan aka bi ta nan, daidaituwa takan zo ba tare da an yi shelarta ba. Alamarta ita ce tawagar ta sami ƙa'idojinta na kanta: lokacin fara taro, yadda ake sanar da jinkiri, wanda ake tuntuɓa idan fayil ya zo da bayanai masu karo da juna, da abin da ake yi idan an kasa cimma matsaya. Za ka ji an fara cewa "mu" a inda da ake cewa "su". Ƙa'idar da suka yi gardama a kanta kafin su amince ta fi wadda ka rubuto ka kawo musu ƙarko. Akwai tarko a nan ma, domin tawagar da ta sha wahalar rigima takan so zaman lafiya har ta fara cewa a bar kaza cikin gashinta a kan abin da ya kamata a tono. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Irving Janis, ya yi bayanin wannan cuta a 1972, inda ya nuna yadda rukunin masu ba shugaban ƙasa shawara, saboda tsananin son haɗin kai, ke iya amincewa da mummunar shawara ba wanda ya ɗaga murya.

Matakin aiki gadan-gadan kuwa shi ne inda za ka yi tafiyar kwana uku ka dawo ka tarar ba abin da ya tsaya. Har yanzu ana gardama, amma gajeriya ce kuma a kan aiki. A nan aikinka ya koma kare su daga katsalandan, da samo musu kayan aiki, da rage yawan sa baki. Ka sani cewa ba a dawwama a wannan matsayi. Sabon mutum ɗaya, ko sauyin shugaban ma'aikata, ko rage wa'adi, yana iya mayar da ku baya, sai an sake ɗan gajeren zagaye na sanin juna da saɓani.

Akwai wani bincike da ya fi dacewa da halin da kake ciki fiye da na Tuckman. A shekarar 1988 Connie Gersick ta wallafa sakamakon bibiyar tawagogi takwas masu aiki mai wa'adi, tun daga taronsu na farko har na ƙarshe. Ba ta ga suna bin matakan nan a jere ba. Abin da ta gani shi ne kowace tawaga tana ɗaukar wani salo tun a taron farko, ta ci gaba da shi ba sauyi, har sai an kai tsakiyar wa'adin. Ko kwanaki kaɗan aka ba su ko watanni, da an ci rabin lokacin sai hankalinsu ya tashi, su dubi abin da suka yi, su watsar da wasu dabaru, su nemi ganawa da waɗanda suka ba su aikin, su ɗauki sabon salo da za su bi har ƙarshe. Ku kuna wata biyu da rabi cikin shida, wato saura mako biyu ku kai wannan gaɓa, kuma a nan ne mutane suka fi karɓar sauyi, domin kowa yana jin lokaci ya fara ƙurewa. Ka shirya zama na musamman a cikar wata uku, na rabin yini, ba a ɗakin da kuka saba taro ba idan da hali. Ka zo da alƙaluma: fayil nawa aka shigar, nawa suka rage, nawa ake shigarwa a mako, kuma da wannan saurin yaushe za a gama. Alƙaluma suna ɗauke idon mutane daga kan juna su mayar da shi kan aiki. Daga nan a tambayi abin da za a daina, da abin da za a ci gaba da shi, da yadda za a sake raba aikin, kuma ka gayyaci wanda ya ba ku aikin ya zo a ƙarshen zaman ya sake bayyana abin da yake jira daga gare ku.

Ba kowace rigima ce mataki ba, kuma kada bayanin Tuckman ya zama abin fakewa. Idan akwai zargin cin amana a kan kuɗi ko alawus, ko wani yana cin zarafin wani saboda jinsinsa ko ƙabilarsa ko addininsa, ko wani yana lalata aikin da gangan, to wannan al'amari ne na ladabtarwa da za ka kai gaban hukumar ma'aikatarku ba tare da jinkiri ba. Haka kuma idan manyanku biyu kowanne yana ba tawagar umarni dabam, rigimar daga sama take gangarowa, kuma babu zaman sulhun da za ka yi a ƙasa da zai magance ta sai sun daidaita a tsakaninsu.

Game da rabuwa, tun yanzu ka sa ta cikin lissafi. A makonnin ƙarshe hankalin mutane yakan koma kan inda za su nufa bayan aikin, saurin aiki ya ragu daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Ka nemi sanin makomar kowa da wuri ka sanar da shi, ka ware mako na ƙarshe don rubuta yadda sabon tsarin ke aiki da miƙa shi ga waɗanda za su ci gaba da kula da shi, sannan a rahoton da za ka kai sama ka ambaci sunan kowane ɗaya daga cikin mutum taran da abin da ya yi, har da dattijon da ya tantance bayanan.